Lasifikar Tartsatsi: Yadda Ake Haɗa Ta, da Abin da Ba a Wasa da Shi

Akwai wani bidiyo da ke yawo a wayoyin samari: ƙarafa biyu a tsaye, tsakaninsu ɗan zaren wuta shunayya da bai kai gaɓar yatsa ba, kuma daga cikin zaren nan waƙa take fita. Ba maganaɗisu, ba takardar lasifika, ba akwati. Wasu sun ce haɗin kwamfuta ne, wasu sun ce siddabaru. Ko ɗaya. Lasifikar filasma ce, ko mu ce lasifikar tartsatsi don kada a haɗa ta da talabijin ɗin bango, kuma duk mai gyaran rediyon da ya san hannunsa, a Gummi yake ko Anka ko Nasarawar Burkullu, zai iya haɗa ta a kan teburinsa.

Sai dai kafin ka kashe ko sisi, ka san abin da za ka samu. Wannan ba lasifikar da za ka kai gidan biki ba ce, balle a ɗaura ta a kan masallaci. Muryarta siririya ce, ba ta da ƙarfi, ba ta da kauri. Ka sa mata faifan Ɗanƙwairo, za ka ji muryoyin 'yan amshi tsaf, amma kotson ya yi batan dabo. Kuntigin Ɗanmaraya ko busar sarewa ne abincinta. Tana cin batir fiye da ƙaramar amfilifaya, ga zafi, ga wari. Wanda yake neman sauti ya je ya sayi lasifika. Wanda yake neman ya fahimci yadda wuta take zama sauti, shi ne abokin maganata, don a ganina ba wani aikin hannu da zai koya maka wannan kamar ita.

Duk wanda ya taɓa jin aradu a damina ya riga ya ji babbar yayarta. Walƙiya tana zafafa iskar da ta ratsa farat ɗaya, iskar ta kumbura da ƙarfi, kumburin ya iso kunnenka a matsayin tsawa. Ƙaramin tartsatsin da ke kan tebur ma haka yake yi. Idan ƙarfin lantarki ya yi yawa tsakanin ƙarafa biyu, iskar da ke tsakani sai ta daina hana wuta wucewa, ta zama hanya mai zafi mai haske. Ita ce filasma. Idan ka riƙa ƙara wutar kana rage ta daidai da hawa da saukar waƙa, zafin zaren zai riƙa hawa da sauka, iskar da ke kewaye ta riƙa kumbura tana motsewa, sai kunne ya ji waƙa. Da yake iskar ba ta da wani nauyi, tana bin sauti mai sauri ba gardama, shi ya sa siririn sauti ke fita garau. Da yake kuma zaren ƙarami ne, ba ya iya tura iska mai yawa, shi ya sa ganga ba ta fita. Wannan ba laifin haɗinka ba ne, kada ka ɓata kuɗi wajen gyara shi.

Abin ba sabo ba ne. A shekarar 1899 wani injiniya ɗan Ingila, William Duddell, yana binciken ƙarar da fitilun titin Landan masu tartsatsi suke yi, sai ya gano yadda zai sa su fitar da sautin da ya ga dama, har a 1900 ya kaɗa taken ƙasarsu da fitila a gaban taron injiniyoyi. Valdemar Poulsen na Denmark ya ɗauki wannan dabara a 1903 ya mai da ita na'urar watsa saƙon rediyo. A shekarun 1950 Siegfried Klein a Faransa ya fito da lasifikar da kamfanin DuKane na Amurka ya sayar da sunan Ionovac. A 1978 kuma Alan Hill ya fito da Plasmatronics, wadda sai da tukunyar iskar hiliyom take aiki, don gudun gurɓata iskar ɗaki. Har gobe kamfanoni irin su Acapella da Lansche a Jamus suna sayar da irinta da tsadar gaske, amma ka lura: siririn sauti kawai suke bar wa tartsatsin, mai kaurin lasifikar da muka sani ce ke ɗauke da shi. Idan masu kuɗin Jamus ba su sami ganga a cikin tartsatsi ba, kai ma ka haƙura.

Zuciyar aikin ita ce taransifomar nan ta tsohon talabijin mai ƙeya, wadda masu gyara ke kira fulaibak: baƙa, mai jar waya kakkaura da ke ƙarewa da hular roba a jikin kwalbar talabijin. A talabijin mai kala tana ba da wajen bolt 25,000. Shawarata ta farko, ka saye ta a cire a wurin mai gyaran talabijin ko 'yan gwangwan. Tunda kowa ya koma na bango, waɗannan kaya sun yi araha. Idan kuwa dole kai za ka cire, ka sani kwalbar talabijin tana riƙe wuta bayan an kashe shi, wani lokaci har kwanaki. Don sauke wutar, ana ɗaura bakin waya ɗaya a jikin saƙaƙƙiyar wayar da ta kewaye bayan kwalbar, ɗaya bakin a jikin sukudireba mai hannun roba, a zura bakinta a ƙarƙashin hular da hannu ɗaya har a ji "tas", a jira, a sake. Babbar kwandansar da ke kan allon wuta ita ma tana iya riƙe sama da bolt 300. Wanda bai taɓa yi ba, ya tsaya a bayan maigidansa ya gani tukuna.

Kwalbar kuma kada ka fasa ta, kada ka bari yara su fasa. Ba iska a cikinta, idan ta fashe gilashi na iya tarwatsewa a fuska. Amma babban dalilin wani ne, kuma mutanen Anka da Bukkuyum ba sa bukatar a karanta musu shi. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara suna mutuwa a 'Yargalma da Dareta, aka bi diddigi aka ga gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake dakawa da niƙawa a cikin gidaje. Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza, Tungar Guru, duk abin ya shafa. An rasa yara sama da 400, kuma Bagega ba a share ƙasarta ba sai a 2013. To gilashin bayan kwalbar talabijin da dalma aka haɗa shi, babban talabijin na iya ɗauke da fiye da kilo guda. Wayar liƙin da muke narkawa kullum kuwa, wadda aka rubuta wa 60/40, kashi 40 cikin ɗari nata dalma ce zalla. Hayaƙin da ke tashi a bakin ƙarfen liƙi galibi na ƙaron da ke cikin wayar ne, yana damun ƙirji, amma dalmar ta hannu take bi ta shiga baki. Na san ɗabi'ar masu gyara: hannu ɗaya na riƙe da ƙarfe, ɗaya na riƙe da waya, sai a ciji dalmar da haƙori. A daina. Kada a ci goro ko gyaɗa a kan teburin aiki, a wanke hannu da sabulu kafin a sa shi a kwano, a tattara ɗigon dalmar a gwangwani mai murfi, kuma kada a yi aikin a tsakar gida inda yaro ke rarrafe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ma'aunin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa.

Sauran kayan ba su da yawa. Aisi mai lamba NE555, mai ƙafa takwas, wadda ta shigo kasuwa tun 1972 kuma har yau ba ta tsufa ba. Mosfet IRFP250 ko IRFP260, dukansu suna jure bolt 200. Babban alminiyon na sanyaya shi, da ƙaramar fankar kwamfuta mai bolt 12. Rezisto na om 10, da 1k, da 4.7k, da 10k, da abin murɗawa mai 10k irin na ƙara murya. Kwandansa 2.2nF, da 100nF guda biyu, da 1µF, da 1000µF, da wata ta leda mai 47nF zuwa 100nF wadda ke jure bolt 400 ko fiye. Fis na amfiya 5, makunni, da batir mai bolt 12, na babur ko ƙaramin nan mai 7Ah. Yawancinsu za ka tsinta a jikin tsohon allon talabijin ko mataccen inbata. Abin da ya gagara, a yi saƙo Gusau ko Sakkwato, in ya ƙi sai Sabon Garin Kano. Ka sayi mosfet biyu ko uku da aisi biyu, don sai ka ƙona na farko, kuma jabu sun cika kasuwa.

Ga yadda haɗin yake. Ƙafa ta 1 ta aisin ta tafi nagetif, ta 4 da ta 8 su tafi fozitif. Rezisto 1k daga fozitif zuwa ƙafa ta 7. Daga ta 7, rezisto 4.7k da abin murɗawa a jere zuwa ƙafa ta 6. Ka haɗe ta 6 da ta 2, ka sa kwandansa 2.2nF daga nan zuwa nagetif. Kwandansa 100nF da 1000µF su zauna tsakanin fozitif da nagetif, kusa da aisin. Da wannan lissafi aisin zai riƙa kunnawa da kashewa tsakanin sau 21,000 da sau 63,000 a sakan ɗaya, gwargwadon yadda ka murɗa. Dalilin wannan sauri shi ne kunnen ɗan Adam ba ya jin abin da ya wuce wajen 20,000. A cikin talabijin ɗinmu fulaibak na aiki ne a 15,625, shi ne siririn kukan nan da yara ke ji manya ba sa ji. Idan ka bar ta a nan, kukan zai danne waƙar.

Ƙafa ta 3 ita ce mafita. Daga ita, rezisto na om 10 zuwa ƙafar farko ta mosfet, wato ta hagu idan rubutunsa na kallonka, sannan 10k daga wannan ƙafa zuwa nagetif. Ƙafarsa ta uku ta tafi nagetif da waya kakkaura. A gefen fulaibak akwai baƙin ƙarfen da ya fito fili, a nan za ka naɗa waya mai riga zagaye 8 zuwa 10. Baki ɗaya ya tafi fozitif ta cikin fis, ɗayan ya tafi ƙafar tsakiya ta mosfet. Kwandansar ledar nan ta zauna tsakanin ƙafar tsakiya da ta uku, ita ce ke shanye bugun da ke komowa daga naɗin duk lokacin da mosfet ya kashe. Masu barin ta su ne masu kukan mosfet ba ya kwana. Waƙar kuma ta ƙafa ta 5 take shiga, ta cikin kwandansa 1µF. Wannan ƙafa ita ce ke gaya wa aisin inda zai juya, don haka waƙar tana tsawaita bugun tana gajarta shi, wutar da ke isa ga zaren ta riƙa canzawa tare da ita.

Kada ka haɗa komai lokaci guda ka danna makunni kana bismilla. Fara da aisin shi kaɗai. Cire 2.2nF ka sa 100nF a madadinta na ɗan lokaci, ka jona ƙaramar lasifikar rediyo a ƙafa ta 3 ta cikin kwandansa. Idan haɗin daidai ne za ka ji kuka, yana hawa yana sauka idan ka murɗa. To aisin na da rai, mai da 2.2nF wurinta. Ranar da za ka fara jona fulaibak kuma, ka sa ƙwan fitilar mota mai wat 55 a jere da fozitif. Idan akwai kuskure, ƙwan zai haska sosai ya tare wutar, mosfet ya tsira. Tsohuwar dabarar masu gyara ce, ba ta taɓa ba da kunya ba.

Saura gano ƙafar da wutar jar wayar ke komawa, a cikin ƙafafun da ke ƙarƙashin fulaibak. Ka ɗaure jar wayar a bakin busasshen bututun roba na famfo mai tsawon kamu guda, ka kunna, ka kusanta ta da ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta fi jan tartsatsi ita ce. Idan duk tartsatsin ya zo a raunane, kashe, ka juya bakunan naɗinka biyu, don akwai dayod a ciki da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. Ka liƙa waya mai kauri a wannan ƙafa, sauran ka rufe su da gam ɗin silikon don kada wuta ta riƙa tsallake tsakaninsu.

Bakunan da zaren zai tsaya a kai su ne ke raba sauti mai daɗi da hayaniya. Na jar wayar ya zama mai tsini, ɗayan ya zama kakkaura, kamar kan noti na ƙarfe, don shi ne ke ɗaukar zafi har ya yi ja. Ka kafa su a kan tangaran ko busasshen katako mai kauri, nesa da allon aisin da aƙalla taƙi biyu. Fara da tazarar milimita 5. Busasshiyar iska tana bukatar wajen bolt 3,000 kafin wuta ta tsallake milimita ɗaya, amma da zarar zaren ya kama, ana iya buɗa shi zuwa santimita guda ko fiye. Abin da kake nema shi ne zare mai tsayuwa cik, shiru, ba ya rawa ba ya huci. Ka murɗa a hankali har ka same shi, sannan ka saki waƙar da ƙaramar murya, ka riƙa ƙarawa. Idan ta fara karcewa, ka wuce gona da iri, koma baya.

Kada ka jona wayarka mai tsada. Bugun wuta yana komowa ta wayar sauti, kuma ba ya sallama. Nemi ƙaramar rediyon nan mai cin memori, mai batirinta, wadda ko ta mutu ba za ka yi zaman makoki ba. Kada tana caji, kada kuma abin sauraro yana kunnenka.

Yanzu maganar rai. Wutar fulaibak tana ƙona fata har ciki, tana iya jefar da mutum, kuma ba wanda zai ba ka tabbacin zuciyarka za ta jure. Hannu ɗaya ake aiki da shi, ɗayan yana aljihu, don kada wuta ta ratsa ƙirji. Takalmin roba, busasshiyar ƙasa, busasshen hannu. Wanda ya fito daga alwala ya jira. A cire zobe da agogo, a naɗe hannun riga. Makunnin ya kasance a gefen batir, inda za ka kai hannu ba tare da ka tsallaka tartsatsin ba, kuma a sami wani babba a kusa da ya san inda yake. Bayan ka kashe, ka haɗa bakunan biyu da sukudireba mai hannun roba kafin ka taɓa komai, don wasu fulaibak suna da kwandansa a ciki. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji kada ya matso. Yara kuwa, kallo daga bakin ƙofa.

Akwai kuma abu biyu da ban yarda da su ba ko da wasa. Na farko, jona wannan haɗi da wutar gari ko janareta kai tsaye. Batir kawai. Na biyu, taransifomar na'urar ɗumama abinci, wadda wasu bidiyoyi ke nunawa. Bolt ɗinta wajen 2,000 ne, bai kai na fulaibak ba, amma ƙarfin wutar da ke bayansa ya isa ya kashe mutum nan take, kuma ta kashe masu irin wannan gwaji da dama a ƙasashen waje. Ko kyauta aka ba ka, ka bar wa 'yan gwangwan.

Warin da za ka ji, mai kama da na wurin walda, na iskar ozon ne da wasu iskokin naitirojin da tartsatsin ke haifarwa. Suna sa tari da ciwon kai, sun fi tsananta wa mai asma. A buɗe ƙofa da taga, ko a yi a rumfa, minti biyu ko uku a kashe. Kada ka ƙura wa zaren ido. Kuma ka duba abin da ke kewaye da kai, don a garuruwanmu shagon mai gyara sau da yawa yana jingine da teburin mai bumburutu. Galan ɗin fetur, tukunyar gas, zana, bunu, buhunan auduga, duk a yi nesa da su. Batirin kansa yana fitar da iska mai kamawa da wuta idan yana caji, don haka a cire shi daga sola, a ajiye shi da doguwar waya, aƙalla mita ɗaya daga tartsatsin.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, alminiyon ba fanka ba zai kai ka ko'ina ba. Ka kashe, ka sauke wutar, ka taɓa shi. In yatsa bai iya zama a kai ba, a huta. A hunturu ƙura ce matsala: tana kwanciya a jikin fulaibak, da ta sami ɗan laima sai wuta ta bi ta kanta, ka ga baƙin layi ya fito a robar. A goge da busasshen tsumma, a rufe bayan aiki. Iskar hunturu kuma tana kaɗa zaren, sautin ya lalace, sai a kare shi da gilashin fitilar ƙwai, a bar sama da ƙasa a buɗe. A damina, ranar da gari ya yi danshi, a bar shi kawai.

Wani abu da littattafan Turawa ba za su gaya maka ba. A halin rashin tsaron da hanyoyinmu suke ciki, daga Anka zuwa Daki Takwas zuwa Gummi, ba lokacin yawo da katako mai batir da wayoyi a bayan babur ba ne. Jami'in da ya tsayar da kai a shinge bai san Duddell ba, kuma yana da hujjar tsarguwa. In za ka kai shi makaranta ko wani gari, ka raba kayan, batir daban, allo daban, ka riƙe takardar zanen haɗin, in da hali da wasiƙar malami ko shugaban ƙungiyar masu gyara. Maƙwabta ma a sanar da su. Tartsatsin yana shiga rediyo, musamman gajeren zango da matsakaici, kuma dattijon da ya kasa kunne yana jiran labaran BBC ba zai yi maka uzuri ba. Ka kauce wa lokutan labarai.

Idan zaren ya kama amma ba waƙa, duba kwandansar ƙafa ta 5 da nagetif ɗin wayar sauti. Idan aisin na mutuwa, wutar naɗin ce ke komo masa: rage tsawon wayoyi, ka ja masa tasa wayar daban tun daga kan batir, kuma kada ka ba shi sama da bolt 15. Idan mosfet na zafi nan da nan, ƙara zagaye biyu a naɗin ko ka ƙara saurin bugun. Wanda ya ƙware a wannan, ya ga kuma sautin NE555 bai gamsar da shi ba, mataki na gaba shi ne aisi TL494 da ke cikin tsohon akwatin wutar kwamfutar tebur, ko SG3525 da ke cikin inbatoci da yawa. Su suna riƙe saurin bugun wuri ɗaya su canza faɗinsa kawai, sautin ya fi fita tas. Ɗaliban lantarki na kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙauran Namoda ko ta Abdu Gusau a Talata Mafara suna iya neman a bar su su duba bugun a na'urar nuna igiyar wuta ta ɗakin gwaji, su ga da idonsu yadda faɗinsa ke buɗewa yana tsukewa idan waƙa ta shiga.